Koren Ɗakin Inna

Akwai wani mai fenti da duk unguwa ta san shi da laƙabin Sai-an-gama. Ba a banza sunan ya bi shi ba. Idan ka ba shi aikin gidanka, ranar farko zai karɓi makulli, ya shige da bokitansa da tsaninsa, ya turo ƙofa. Kai da ganin ɗakinka kuma sai ranar da shafe na ƙarshe ya bushe.

Ko kai ne mai gidan, in ka ƙwanƙwasa, ta bayan ƙofa zai amsa maka: "Ranka ya daɗe, sai an gama."

An taɓa yin wani ɗan kasuwa da ya tsaya masa a ƙofar falo yana faɗa, wai shin gidansa ne ko gidan mai fenti? Sai-an-gama ya leƙo da kansa kawai, ya ce, "Gidanka ne, amma aikina ne. Idan ka ga bangon nan da shafe ɗaya, munin ne zai zauna maka a ido, ko na gyara ba za ka daina ganinsa ba."

Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni. Da aka buɗe masa bayan kwana huɗu, shi da kansa ya riƙa janyo abokansa su zo kallo.

Gaskiya a faɗe ta, hannun mutumin nan yana da kyau. Layin da yake ja tsakanin bango da silin sai ka rantse da rula aka ja shi. To amma yabon da ake masa shi ya ƙara masa taurin kai, har ya ɗauka dokar nan tasa ba ta da ranar da za ta yi kuskure.

A gidan haya yake zaune da matarsa da 'ya'yansu uku, da kuma mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna. Ita kuwa "Babana" take ce masa, don sunan mahaifinta ya ci.

Inna ta sha zaman haya har ta gode Allah. Mijinta ya rasu yaron bai cika shekara goma ba, da wankau da guga da ɗinkin hannu ta raine shi. Sun zauna a ɗakin da idan ana ruwa sai an jera kwanoni a kan gado. Sun zauna a wanda ko filasta babu, bulo ne tsirara yana goge musu kaya. An taɓa fito musu da kaya tsakar rana don mai gida yana son ɗakinsa.

Ɗaki ɗaya ne kawai take tunawa da daɗi, wanda suka zauna da mijinta kafin ya rasu. Koren fenti ne da shi, mai haske, irin na sabon ganye. Duk hirar da ta ɗauko sai ta biyo ta ɗakin nan.

Shi ya sa ranar da mai fenti ya samu fili, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, in Allah ya yarda kin kusa daina ɗaure kaya. Zan gina miki ɗakinki, kore, taga tana kallon gabas. Amma ba za ki gan shi ba sai an gama. Rabi-rabi dai kin gani ya ishe ki."

Inna ta yi dariya ta ce, "Har ni ma dokar za ta hau kaina?"

Ya ce, "Ke ce ma ta farko."

Niyyarsa mai kyau ce, wannan ba na musu. So yake ya kama hannunta ya shigar da ita gidan da babu ko ɗigon fenti a ƙasa, ya ga yadda fuskarta za ta yi. Shekara takwas yana ginin nan. Idan ya samu ya ɗora bulo, idan bai samu ba ya je ya zauna yana kallon wanda ya ɗora. Duk tsawon shekarun Inna ba ta taɓa taka wurin ba.

A shekara ta takwas aka yi rufi, aka sa ƙofofi da tagogi, aka shimfiɗa tayil. A shekarar ne kuma Inna ta canja. Da can tambayar ginin take yi cikin raha. Yanzu sai ta koma roƙo.

"Babana, ka kai ni in gani mana."

"Inna, saura fenti kawai."

"Ai fentin ba zai gudu ba. Ni dai in sa idona a kai."

"Sai an gama, Inna."

Da ta ga ba zai kai ta ba, sai ta ce to ya auno mata tagar ɗakin, za ta ɗinka labule da hannunta. Ya auno da igiya, ya ƙulla tsawo, ya ƙulla faɗi, ya kawo mata. Matarsa ta sayo koren yadi da zare mai kama da shi. Kullum da hantsi Inna za ta fito bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta zauna tana ɗinki a hankali.

Matar mai fenti ce ta fara lura. Inna da ke zura zare a allura tana hira ba ta ko dubawa, yanzu sai ta miƙo mata ta ce, "'Yar nan, zura mini." Ta ga ta zuba shayi a gefen kofi. Ta ga ta yi karo da bokitin da ke gefenta, alhali idonta a buɗe. Ranar da jikarta ta zauna dab da ita ta ɓangaren hagu, Inna ta ɗaga murya tana kiranta, sai matar ta kasa yin shiru.

"Inna, idonki lafiya kuwa?"

Inna ta ce, "Gefe-gefe ne ya tafi. Abin da ke gabana sak ina ganinsa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Amma don Allah ki rufa mini asiri. Idan ya ji zai ajiye ginin nan ya kama zaryar asibiti da ni. Shekara takwas yana wahala, ba ni zan tsayar da shi a bakin ƙarshe ba."

Matar ta shiga tsaka mai wuya. Ga amanar suruka, ga tsoron abin da ka iya faruwa. Da yamma da mijin ya dawo yana wanke buroshi a tsakar gida, ta tsuguna kusa da shi ta ce, "Maigida, ka kai Inna gidan nan cikin satin nan. Idonta ya fara rauni."

Ya ɗago ya dube ta, ya nufi ɗakin Inna hannunsa na ɗigar ruwa. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Inna, wai ba kya gani sosai?"

Inna ta dube shi tsaf, tunda gabanta sak yake, ta ce, "Ni? Ga fenti nan ruwan toka a kunnenka na dama, kai da ke cewa ka yi wanka. Ƙalau nake gani."

Ya shafa kunnen, ya ga fenti, ya fashe da dariya. Washegari ya sayo mata tabarau a kasuwa, ya ce tsufa ne, idan an tare a kai ta a duba a natse. Maganar ta mutu a nan, don shi dama abin da yake son ji ke nan.

Ya yi wa gidan duka fenti, ya bar ɗakin Inna a ƙarshe. Da ya yi shafe na farko koren ya fito da duhu, ya ce wannan ba na sabon ganye ba ne, ya sake haɗi. Na biyu ya yi daidai. Sai ga damina ta sauka, bangon gabas ya sha ruwa, danshi ya taso daga ƙasa, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa.

Duk mai fenti ya san ba a shafa fenti a kan bango mai danshi. Sai an kankare, an bar shi ya bushe har ciki. Wani zai ce a tare haka nan, bango ɗaya ne, a gyara daga baya. Matarsa ma haka ta ce. Shi kuwa ya kafe kai da fata, ya ce ba zai shigar da uwarsa ɗakin da bangonsa ke ɓarewa ba, a jira ruwa ya ɗauke.

A cikin jiran nan ne wata safiya Inna ta yafa mayafinta, ta ce wa surukarta, "Tashi ki raka ni. Yau ko zai yi fushi sai na je."

Suka ɗauki tasi har ƙofar gidan. Mai fenti yana ciki yana kankare bango, ya ji sallama, ya fito da sauri, ya ja ƙyauren get ya tsaya a gabansa. Duk jikinsa ƙurar fenti, goshinsa da koren ɗigo babba.

"Haba Inna! Wa ya ba ku wannan shawarar?" Ya harari matarsa.

Inna ta ce, "Ba ruwanta, ni na matsa. Ka buɗe mini in shiga, ko minti biyar ne."

"Yanzu ne ma ya fi muni. Bangon duk a kankare yake, ƙasa duk tarkace. Idan kika gan shi haka, shi zai zauna miki a ido."

"To ya zauna mana, Babana. Ni ko a kankaren ina so."

"A'a Inna."

"Ko ta kafar ƙofa in leƙa."

Ya sa bayansa ya toshe kafar yana dariya, shi a ganinsa wasa suke yi irin na ɗa da uwa. Matarsa ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi, bai ma lura ba.

Sai Inna ta matso, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ce, "To shi ke nan. Tsaya in kalle ka kai."

Ta daɗe tana kallonsa, har ya fara jin kunyar mai tasi. Ya ce, "Inna, kamar ba ki san ni ba?" Ta sake shi, ta laluba ƙofar mota ta shiga, suka juya.

Wata biyar aka yi kafin bangon ya bushe yadda yake so. A cikin watannin Inna ta daina roƙo. Ta daina fita ko'ina, daga ɗaki sai bakin ƙofa, kullum labulen na kan cinyarta. Shi kuwa sai ya ji daɗi, ya ce Inna ta haƙura.

Ranar da shafe na ƙarshe ya bushe, ya dawo gida kamar ya tashi sama don murna. Ya ce jibi tarewa. Gida ya kacame da shiri. Aka samo kwalaye, aka naɗe kofuna da tsofaffin jaridu, aka cika buhuna da tufafi, aka kwance gadaje aka ɗaure ƙafafunsu da igiya. Yara suna faɗa a kan wanda zai kwana kusa da taga. Maƙwabta suna shigowa taya murna, wasu da gaske, wasu don su ga abin da za a bari.

Inna tana zaune a kan tabarma tana murmushi, duk inda murya ta fito sai ta juya can.

Washegari da safe matarsa ta miƙa masa labulen a ninke, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta ce, "Inna ta gama. Ta ce ka rataye kafin ta zo."

Ya je sabon gida shi kaɗai, ya kafa tsani a ɗakin Inna, ya warware labulen. Mai sana'ar hannu ba ya ganin aikin hannu ya wuce bai duba ba, don haka ya bi ɗinkin da ido.

Daga sama ɗinkin Inna ne da ya sani, ƙanana, a jere, kamar na keken ɗinki. Da ya gangaro gefe sai ya ga sun fara girma. Ƙasa kaɗan layin ya karkace, ya fita daga kalmasa ya dawo. Daga tsakiya zaren ya koma baƙi, ba ta san ta canja ba. A can ƙasa kuwa ɗinkin ya hau kan juna, wani wurin ma ya haɗe yadin biyu, ga ƙananan ɗigon jini da suka bushe inda allura ta riƙa samun yatsa.

Ya sauko daga tsanin bai san yadda aka yi ya sauko ba. Ko ƙofa bai kulle ba, ya tare tasi ya nufi gida.

"Inna, tashi mu je ki ga gidanki."

"Ba gobe ba ne?"

"Yanzu, Inna. Yanzu."

Matarsa ta bi su. Da suka isa ya wangale get ɗin da ya taɓa tsayawa a gabansa, ya kama hannun Inna, ya shigar da ita. Ƙofar farko falo ce, fentinsa ruwan madara, silin fari tas. Ya tsaya a nan don ta huta, yana kallon fuskarta.

Inna ta ji sun tsaya, ta ji ƙamshin sabon fenti, ta ɗauka an iso. Ta ɗaga kai, ta juya dama, ta juya hagu, ta faɗaɗa murmushi.

Ta ce, "Kai, Babana! Koren nan ya yi kyau. Irinsa nake so sak. Allah ya yi maka albarka."

Matarsa ta toshe baki ta fice da gudu.

Mai fenti ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ɗaga hannu a gaban fuskar mahaifiyarsa, ya kaɗa. Idonta bai motsa ba, murmushin yana nan.

Ya ce, "Inna, nan falo ne."

Murmushin ya tafi a hankali. Ta ce, "Au." Sai kuma ta ce, "To ai falon ma ya yi kyau."

Nan ya zube a gabanta, ya rungume ƙafafunta, ya fashe da kukan da bai yi irinsa ba tun ranar da aka fita da mahaifinsa. Yana cewa, "Tun yaushe? Inna, tun yaushe?"

Ta laluba kansa ta dafa. Ta ce, "Wata biyu ke nan da ya rufe duka. Kada ka ga laifin 'yar nan, ni na ɗaure ta da alƙawari, kuma duk da haka ta gaya maka."

Daga nan asibitin ido suka wuce. Likita ya haska, ya auna, ya ajiye abin aikinsa. Ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe a hankali ba tare da zafi ba. Ya ce da an zo watannin baya, da akwai abin da za a iya tsarewa, amma wanda ya riga ya tafi ba ya dawowa.

Mai fenti ya tambaya ko akwai aiki, ko akwai wani asibitin, ko akwai wata ƙasar. Likita ya girgiza kai ya ce ya yi haƙuri.

Washegari aka tare kamar yadda aka tsara, don an riga an kwance komai. Motar kaya ta zo, aka loda, maƙwabta suka yi addu'a. Yara ne kawai ke murna. Shi yana ɗaukar kwali yana ajiyewa, idonsa jajir, wanda ya ce masa barka sai ya gyaɗa kai.

Da aka gama shigar da kaya ya kama hannun Inna ya kai ta ɗakinta na gaskiya. Ta ce ya sake ta. Ta ɗora tafin hannu a bango, ta bi shi a hankali daga ƙofa zuwa kusurwa, daga kusurwa zuwa taga. Ta taɓa labulenta, ta yi 'yar dariya. Ta dawo bangon gabas ta shafa sama, ta shafa ƙasa.

Ta ce, "Ko ƙwarzane babu. Hannunka na da kyau, Babana. Gaya mini, wane irin kore ne?"

Mutumin da ya san sunan kala fiye da arba'in ya buɗe baki, ya kasa. Da ƙyar ya ce, "Inna, ki yafe mini. Har ƙofa kika zo, kina gani, na hana ki."

Ta ce, "Zo nan."

Ya durƙusa. Ta kama fuskarsa kamar ranar, ta bi goshinsa da babban yatsa.

Ta ce, "Ranar nan na san saura kaɗan ya rufe, shi ya sa na zo. Da ka hana ni gidan sai na ce bari in kalli mai gidan. Akwai ɗigon fenti a nan, daidai nan. Kore, mai haske. Shi ne abu na ƙarshe da na gani sosai a duniya. To ka ga ai na ga kalar ɗakina."

Ya kifa kansa a cinyarta, ita ke rarrashinsa.

Inna tana nan a ɗakinta. Kullum da safe takan tambaya ko rana ta shigo ta taga, a ce mata ta shigo, ta miƙa hannu ta ji ɗuminta. Matarsa ta taɓa cewa a kai labulen wurin tela ya gyara ƙasan. Mutumin da ba ya iya kwana idan layi ya karkace ya ce kada wanda ya taɓa zare ɗaya a jikinsa.

Yanzu idan ka ba shi aiki, ƙofa a buɗe yake barinta tun ranar farko. Mutane dai ba su daina kiransa Sai-an-gama ba, don laƙabi ba ya fita da sauƙi. Idan an kira yakan amsa, amma ba ya dariya kamar da.

Darasi: Idan kana da abin da zai faranta ran iyayenka, ka nuna musu yau, ko rabi ne, ko a kankare yake. Su ba kyan aikin suke jira ba, so suke su gani tun suna iya gani. Kuma idan tsoho ya dage da roƙon abu ɗaya, kada ka ce rigimar tsufa ce, ka tsaya ka tambayi dalili, ka kai shi a duba lafiyarsa tun da wuri. Allah ya ba mu ikon kyautata musu tun lokaci bai ƙure ba. Ka tura wa wanda ka san kullum yana ce wa iyayensa "sai an gama".